Hudaddun Kwandalolin Oshinai

Oyama Mitsuru, ma'aikacin kamfanin da ke zuba wa injinan sayar da abin sha na ƙauyen Oshinai shayi da kofi na gwangwani, shi ya fara ganin ɓarnar. Da hantsi ya buɗe injin da ke ƙofar kantin manoma, ya zazzage akwatin kuɗin a faranti, sai ya tsaya cak. Kwandalolin yen ɗari biyar, kuɗin Japan, da ya saba kwashewa babu su. A madadinsu ga waɗansu masu kama da su kamar an tsaga kara, faɗi ɗaya, haske ɗaya, sai dai gauraka ce a jikinsu tana shirin tashi, kuma an ƙwaƙule fuskar kowace da 'yan ramuka kamar zanzana.

Kafin ya gama zagaya sauran injinan, rabin ƙauyen na biye da shi. Kumagai, shugaban ƙauye, ya ɗauki guda ya kai ta kusa da tabarau.

"Wannan kuma kuɗin wace ƙasa ce?"

"Na Koriya ne, Kumagai-san. Sai ka tara goma kafin su kai darajar tamu ɗaya."

Ba wanda ya ambaci suna. Amma idanu suka gangara tare zuwa ƙarshen layi, inda gidan gashin naman Arai yake. Kowa ya san mai gidan, tsohuwar da ake kira Arai, 'yar asalin Koriya ce, sunanta na ainihi Pak Sunja ne, kuma kowa ya san ɗanta Masaru direban babbar mota ne mai zuwa tashar jiragen ruwa.

Daga ranar tabarmin gidan naman suka zama wayam. Aka daina zama kusa da jikarta a makaranta. Wata safiya aka wayi gari gilashin tagarta a tarwatse. Kumagai, wanda ginin nasa ne, ya aika mata cewa ta fara neman wani wuri.

*

Matsuhashi Tokuji yana gyaran igiyar takalmin dusar ƙanƙara lokacin da ɗan sandan ƙauyen, Hatakeyama, ya leƙo yana haki. Tokuji tsohon maharbin beyar ne, ya haura saba'in, kuma shi ne jagoran 'yan tsirarun maharban da suka rage a kwarin. An ce idan ya dubi sawu yakan faɗa maka ko dabbar ta ci ko da yunwa ta wuce.

"Tokuji-san, an sake satar da asubar nan. Injin kantin manoma ya wayi gari ba canji. Dusar ta tsaya kafin gari ya waye, sawun yana nan raɗau. Na hana kowa bin layin."

"Ni beyar nake bi, ba mutum ba."

"Daga birni sun ce da zarar an buɗe hanya in kawo musu Masaru. Idan ya shiga hannunsu, ko shi ne ko ba shi ba ne, ya gama zama a ƙauyen nan. Ni kuma raina bai kwanta ba."

Tokuji ya ɗaure igiyar, ya miƙe. A hanya suka biya gidan wankan ruwan zafi, suka ɗauki Narita Sadao mai kula da wurin. Tun Sadao yana matashi yake bin Tokuji dawa, kuma duk inda za a bi sawu tare suke zuwa.

"Yaya, yau kuma ɓarayi muka koma farauta?" in ji Sadao yana dariya. "Tsufa bai yi ba."

Sawun na takalmin roba ne, irin wanda kantin manoma ke sayar wa kowa. Ya faro daga titin da ruwan ɗumi ke gudana a kai don narkar da ƙanƙara, inda ba a barin alama. Ya tsaya a injin kantin manoma, ya daɗe, har wurin ya tattake. Ya tsaya a na tashar bas. Ya tsaya a na gefen ofishin Hatakeyama kansa, abin da ya sa ɗan sandan ya yi tsaki. Daga nan ya bi ta gefen gidan wanka, inda wani injin ke raɓe a lungu bayan tarin itace, ya wuce abinsa, ya gangara ƙarshen layi.

A ƙofar bayan gidan Arai ya ƙare.

Sadao ya girgiza kai. "Kai, ban so haka ba. Matar nan ta sha ciyar da mu bashi. Amma ga shi, Yaya, sawu ba ya ƙarya."

Tokuji ya matsa kusa da ƙofar. Ya durƙusa, ya cire safar hannu, ya zura yatsu cikin sawun ƙarshe. Ya koma baya ya taɓa wani, ya sake taɓa wani. Sun fi na can sama zurfi, kuma gefen dugadugansu ya ruguje ciki. An taka su sau biyu. Mutumin ya zo har ƙofa, sannan ya koma da baya yana mayar da ƙafa cikin sawunsa, har ya kai bakin magudanar ruwan ɗumi ya faɗa ciki. Haka tsohon beyar ke yi idan ya ji ana binsa. Mutumin gari bai san wannan ba, sai wanda ya sha wahalar dawa.

Tokuji ya miƙe. Ya mayar da safarsa.

"Me ka gani?" in ji Hatakeyama.

"Ban gama gani ba."

*

Sunja tana manna kwali a tagar da aka fasa. Ba ta ba shi wurin zama ba.

"Kai ma ka zo ganin ɓarauniya, Tokuji-san?"

"Tambaya na zo yi. Kin ji motsi a ƙofar baya da asuba?"

"Na ji. Na ɗauka masu jifa ne suka dawo, na rufe jikata da bargo na kwanta a kanta." Ta yanke tef da haƙori. "A nan aka haife ni, a bayan dutsen can, inda mahaifina ya ƙare ransa a ramin ma'adinai. Ban taɓa taka Koriya ba. Kuɗin nasu ma a hannun Kumagai na fara ganinsa, da ya zo yana kaɗa mini shi a fuska."

Masaru ya fito daga ciki, ƙato, idanunsa jajur. "Duk wanda ya sake zuwa ƙofar nan da dutse, sai dai a ɗauke shi."

"Rufe mini baki," in ji uwar. "Abin da suke jira ke nan."

Tokuji ya dubi ƙafafun Masaru, ya ga sun fi sawun girma nesa ba kusa ba. Amma ya san wannan ba zai ishi mutanen da suka riga suka yanke hukunci ba. Za su ce ya matsa ƙafa cikin takalmin uwarsa.

*

Tokuji ya biya garejin Sugawara, domin shi ke da injin huda ƙarfe mafi kyau a ƙauyen, kuma yakan bi su farauta jefi-jefi. Ƙarƙashin teburin aikinsa cike yake da farin garin ƙarfe. Tokuji ya zuba wa garin ido.

Sugawara ya lura da inda idonsa ya tsaya, ya fashe da dariya. "Haba tsoho! Da ni ne, sai in bar maka shaida a ƙasa kamar kashin kaza? Ɗebi ka ji nauyinsa. Sanholo ne, shebur nake yi wa mutane. Injin huda kuwa, wa ba shi da shi a gida? Har matar limamin haikali tana da nata."

Tokuji ya ɗebi garin, ya hura, ya tashi kamar toka. Ba na kwandala ba ne. Sannan ya ga ƙafar Sugawara ta hagu naɗe da filasta har gwiwa, ga sanda jingine da bango. Wannan ƙafa ba ta yi tafiya da baya cikin ƙanƙara ba.

*

Da azahar motar share hanya ta huda mashigin dutse da ya kwana biyu a toshe, motar Oyama tana biye da ita. Da ma wasu sun fara raɗa cewa ai mai makulli shi ne ɓarawo. Ganinsa ya shigo yanzu ya kashe wannan magana.

Tokuji ya tare shi a tashar bas. "Buɗe mini cikin abin nan. Ina so in san yadda yake gane kuɗi."

Oyama ya buɗe, ya zaro wani ɗan akwati mai siririn rami. "Ba ido gare shi ba, Tokuji-san. Kwandala tana gangarowa ta nan. Farko yana auna faɗinta da kaurinta, wadda ta yi ƙanƙanta ta zube, wadda ta yi girma ta maƙale. Sannan ta ratsa tsakanin waɗannan naɗaɗɗun wayoyi. Wuta na bi ta cikinsu tana yin maganaɗisu, kowane irin ƙarfe kuma da yadda yake amsa masa. Daga amsar yake sanin abin da aka yi ta da shi, da yawan ƙarfen da ke jikinta."

"To ta Koriyar fa?"

"Ƙarfenta ɗaya da tamu, faɗinsu ɗaya. Ta ɗan fi nauyi kawai. Shi ya sa suke ƙwaƙule ta, su rage abin da ya ƙaru. Sai injin ya ce wannan 'yar gida ce. Ɓarawo ba ya ma sayen komai. Yana danna maɓallin mayar da kuɗi, injin kuma ba wadda ka saka yake dawo maka da ita ba, daga ma'ajiyarsa yake sakin wata. Ka ba shi jabu, ya ba ka ta gaske, har ya ce maka an gode."

"Duka injinan ƙauyen haka suke?"

Oyama ya waiga hagu da dama. "Ban da guda. Kamfani ya ba ni sabon ma'auni in gwada, mai ƙarin waya da ke shafa fuskar kwandala. Da ya ji rami sai ya tofo ta. An ce kada in faɗa wa kowa, don a waje ba ka bambance shi da sauran. Tun kafin sanyi ya yi ƙarfi na saka shi a na gidan wanka."

Tokuji ya dube shi. "Wa ya sani?"

"Ba kowa. Da sassafe na yi aikin, ba a buɗe ba." Ya sosa ƙeya. "Sai Narita-san, mai kula da gidan wankan. Shi ya riƙe mini ƙofar injin, ya kawo mini shayi. Ya yi ta tambaya kamar kai, na ga dattijo ne, na yi masa bayani, na roƙe shi ya bar shi a cikinsa."

Tokuji ya koma gefen gidan wanka shi kaɗai. Sawun yana nan. Ya auna tazarar takun da sandarsa, daga sama har ya wuce lungun. Ba inda ya ragu, ba inda ƙafa ta karkata. Ya daɗe a tsaye yana kallon hayaƙin da ke fita daga bututun gidan wankan. Sau ɗaya ya juya kamar zai shiga, sai ya tuna kwalin da ke manne a tagar Sunja. Ya nufi ofishin Hatakeyama.

*

Da la'asar ɗakin taron ƙauye ya cika, takalma jibge a ƙofa, murhun kananzir yana huci a tsakiya. Sunja da Masaru suna zaune a gefe guda, an bar fili tsakaninsu da kowa. Oyama da Sugawara suna gaba. Sadao yana kusa da Tokuji, inda ya saba zama.

Kumagai ya yi gyaran murya. "Ba sai mun ja zance ba. An ce sawu ya ƙare a ƙofar wani gida."

"Ni na bi sawun ko kai?" in ji Tokuji. Ya ciro hudajjiyar kwandala daga aljihu. "Da yawanku ba ku ga yadda ake satar ba. Gara ku gani da ido. Sadao, injinka ne mafi kusa. Karɓi wannan ka je ka saka, mu leƙo ta taga."

Sadao ya yi murmushi. "Ai nawa ba zai karɓa ba, Yaya. Sai dai na tashar bas."

"Don me?"

"An canza masa ma'auni. Ga Oyama nan, a gabana ya yi."

"Ashe. Wa ka faɗa wa?"

"Haba Yaya, ka san ni. An ce in riƙe, na riƙe. Ko matata ba ta sani ba."

"Ka tabbata? Ko a wurin shan giya bai suɓuce maka ba?"

"Ko sau ɗaya."

Tokuji ya sunkuyar da kai. Ya so a ce amsar ba haka take ba. Da ya ɗago, ba Sadao ya kalla ba, jama'a ya kalla.

"Ɓarawon ya tsaya a kantin manoma, a fili. Ya tsaya a tashar bas. Ya tsaya a ƙofar ɗan sanda, bai ji tsoro ba. Injin da ya fi kowane ɓuya, wanda ke lungu bayan itace, inda ba mai ganinsa, shi ne ya wuce. Bai gwada an tofo masa ba, bai ko rage tafiya ba. Dabba ba ta kauce wa tarko tun daga nesa sai ta san da shi. Mutum biyu suka san da wannan. Ɗaya yana bayan dutse, hanya a toshe, kun ga shigowarsa da azahar."

Murmushin Sadao yana nan a fuskarsa, amma ya daskare.

"Sawun kuma bai ƙare a ƙofar Arai ba," Tokuji ya ci gaba. "An kai shi can ne aka ajiye, aka koma da baya. Mu nawa ne a ɗakin nan muka iya wannan?"

"Yaya," in ji Sadao a hankali. "Ni kake nufi?"

"Hatakeyama zai je rumbun itacen gidan wanka ya duba. Ko ka fi so ka hutar da shi?"

Sadao ya dafa gwiwoyinsa. Matarsa, da ke can baya cikin mata, ta saki wata 'yar ƙara ta toshe bakinta.

"Bara ne," ya ce, idonsa a tabarma. "Da ƙungiyar manoma ta kai mu yawo Busan, can Koriya, na dawo da ragowar canji a aljihu. Sai na ji a talabijin yadda ake yi a birane. Na ce bari in gwada guda, wasa kawai. Ta faɗo, ta gaske, injin ya ce an gode. Na yi dariya ni kaɗai a titi. Rabon da in ji jinina ya motsa haka tun ina iya hawa dutse da gudu. Daga baya na sami wani a tashar jiragen ruwa mai sayar da su a buhu."

"Ba wannan na tambaye ka ba," in ji Tokuji. "Ƙofar matar nan fa?"

Sadao ya goge fuskarsa. "Na ga kowa ya riga ya ce su ne. Na ce taku kaɗan ne ya rage."

Masaru ya zabura. Mutum uku suka riƙe shi, yana fizgewa yana kiran sunan Sadao, har uwarsa ta ɗora hannu a wuyan rigarsa, ya koma ya zauna yana numfashi sama-sama. Sadao ya ja gwiwa zuwa gabanta, ya kifa goshinsa a tabarma.

Sunja ba ta dube shi ba. Ta miƙe, ta gyara ɗamarar rigarta, ta dubi Tokuji.

"Tunda ka iya karanta ƙasa, Tokuji-san, wa ya fasa mini taga?"

"Na wuce ta wurin a safiyar. Ba sawun mutum ɗaya ba ne. Na Sadao kuma ba ya ciki."

"Ka san masu shi?"

"Na sani."

Kawuna suka sunkuya layi-layi. Wani ya yi tari. Kumagai ya cire tabarau yana gogewa, ya fara cewa batun ginin nan ai rashin fahimta ne, amma ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka faɗa mini su," ta ce wa Tokuji. "Idan na sani ba zan iya gasa musu nama ba." Ta juya ga ɗakin. "Gobe zan buɗe kamar kullum. Iska tana shigowa ta tagar, duk mai zuwa ya sako rigar sanyi."

Ta fita, ɗanta yana biye, mutane suna janye ƙafafu suna ba su hanya.

*

Hatakeyama bai sa masa ankwa ba. A bakin motar 'yan sanda, Sadao ya tsaya, bai yarda sun haɗa ido da Tokuji ba.

"Yaya, da ka zo ka same ni ni kaɗai."

"Na kusa. Da na shiga, da ka roƙe ni, ni kuma da na ji."

Sadao ya gyaɗa kai. "Karena yana ɗaure a bayan gidan wanka. Bai ci komai ba tun safe. Matata tsoronsa take ji."

"Zan ɗauke shi."

Motar ta haura mashigin dutse. Tokuji ya zagaya bayan gidan wankan, ya sami karen, fari, tsoho, kunne ɗaya a yage. Ya kwance shi ya ja igiyar. Karen ya san shi sarai, sun sha kwana a dawa tare, amma ya kafe ƙafafu, ya zuba wa hanyar ido. Tokuji ya sake ja, ya kira sunansa, ya yi masa fito. Ko gezau.

Sai tsohon ya share ƙanƙarar da ke kan wani kututture, ya zauna kusa da shi da igiyar a hannu, suka ci gaba da kallon hanyar tare.